Tambaya da Amsa: Yadda Amurka Ke Raba Kuɗin Binciken Rana da Duniyoyi

Tambaya: Ina yawan jin cewa gwamnatin Amurka na zuba biliyoyi a binciken rana da duniyoyin da ke kewaya ta. Nawa ne kuɗin, kuma wa ke yanke abin da za a yi da su?

Amsa: Malam, a kasafin 2024 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta samu kusan dala biliyan 25, wanda bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kasafin ƙasar ba. A ciki, sashen duniyoyi ya samu wajen biliyan 2.7, na rana kuma miliyan 805. Shugaban ƙasa ke gabatar da buƙata, amma wuƙa da nama na hannun majalisa. Masana kuwa duk shekara goma suke zama su jera ayyuka bisa muhimmanci. A 2022 kumbon da zai je duniyar Yuranus suka sa a gaba cikin sababbin manyan ayyuka.

Kaso mai tsoka ƙera kumbo ke cinye shi. Kumbon binciken rana Parker Solar Probe kaɗai, wanda aka harba a 2018, ya lashe kimanin dala biliyan 1.5. Matsalar ita ce idan aiki ɗaya ya makara, ɗan'uwansa ke shan wuya. Kumbon Psyche bai tashi a 2022 ba saboda ba a gama gwada manhajarsa ba, sai aka ɗage VERITAS, mai zuwa duniyar Benus (Zara matar wata ke nan), da shekara uku.

Tambaya: Ni malamar jami'a ce a wajen Amurka. Ta yaya ake neman tallafin bincike daga NASA, kuma zan iya shiga?

Amsa: Malama, za ki iya shiga, sai dai NASA ba za ta ba ki kuɗi ba. Ƙa'idar NASA ita ce ba ta biyan cibiyoyin ƙasashen waje. Ki haɗa kai da mai bincike a wata jami'ar Amurka, ke kuma wata hukuma a ƙasarki ta ɗauki nauyinki, da wasiƙar da ke tabbatar da haka.

Kiran neman tallafin sunansa ROSES, ana fitar da shi duk shekara, ana kuma miƙa takardu ta shafin NSPIRES. Shirye-shirye da dama mataki biyu ne. Da farko gajeren bayani da sunayen 'yan tawaga. Wanda ya tsallake wannan, ba shi ba mataki na biyu. Sannan cikakkiyar takarda, galibi shafi 15 na bayanin kimiyya, da kasafin shekara uku, da tsarin yadda za a buɗe wa kowa bayanan da aka tara. Kwamitin masana zai auna ingancin aikin, da dacewarsa da kiran, da ko kuɗin da aka nema sun yi daidai da aikin.

A ganinmu, sakaci ya fi raunin ilimi kayar da mutane. A shirye-shiryen da ake ɓoye wa alƙalai sunan mai nema, rubuta "kamar yadda muka nuna a bincikenmu na baya" ya isa ya tona asiri, ana iya mayar da takardar ba a ko duba ta ba. Wasu kuma sukan manta cewa jami'a na yankar nata kaso na gudanarwa, sai kuɗin ɗalibin digiri na uku su gaza a tsakiyar aiki. Abin da ya fi ciwo: jami'in da jami'a ta wakilta ne ke miƙa takardar a hukumance, ba mai binciken ba. In an kai masa ita ranar ƙarshe da yamma bayan ya tashi daga ofis, sai dai a jira zagaye na gaba.