Amsa ga mai tambayar tafiya da goge Faransa a jirgi

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, na ga ka ce an gayyace ku wasa a Faransa, kana tambaya ko za ka iya naɗe gogenka cikin tufafi ka ba da shi wajen awon kaya. Kada ka kuskura. Ni gurmi nake kaɗawa, amma duk ƙwarya ce da fata, kuma abin da zan gaya maka sai da na sha wuya na koye shi.

Tafiyata ta farko daga filin jirgin Malam Aminu Kano haka na yi. Na naɗe gurmin da zannuwan maiɗakina guda biyu, na ƙara da darduma, na cusa shi tsakiyar akwati, ina ganin na yi dabara. Mun sauya jirgi sau ɗaya a hanya. Da na buɗe a masauki sai na tarar ƙwaryar ta tsage tun daga inda sandar ta shiga har gindi, jakin kuma, wato ɗan abin da ke tallafe tsirkiya a kan fata, ya nutse ya huda fatar, don na bar tsirkiya a ɗaure tamau kamar yanzu zan hau dandali. Saura kwana biyu wasa. Da gam ɗin kafinta na liƙe ƙwaryar, na yi wa fatar faci, muryar ta fito kamar ta mai mura. Haka na yi wasan, Turawa na tafi, ni kuwa raina a ɓace.

Abu biyu ke kashe kayanmu a jirgi, jifa da bushewa. Jifar kowa ya san ta. Akwatuna masu kilo 23 ake jibgewa kan juna, kuma takardar nan mai hoton kofin gilashi da ake manna maka ba ta hana komai. Bushewar ce mutane ba su lura da ita. Iskar cikin jirgi danshinta yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, wato tsakiyar hunturu ke nan, kuma awa shida ko bakwai za ka yi a ciki. Ka san yadda fata ke saki da damina har sai an gasa ta a wuta. To can akasin haka ne, ɗamewa take yi tana jan bakin ƙwarya. Saboda haka kafin ka bar gida ka sassauta tsirkiya, ka cire jaki ka sa a aljihu, izgar kuma ka naɗe ta daban.

Ka sa kafinta ya yi maka ɗan akwati na falanki marar nauyi, a shimfiɗe cikinsa da soson katifa yadda ƙwaryar ba za ta motsa ba ko an girgiza. Da shi za ka shiga jirgi a hannunka. Matsalar ita ce ma'aunin jakar hannu a yawancin kamfanoni bai wuce tsawon santimita 55 ba, goge kuwa sau da yawa ya fi haka. Don haka ka aika wa kamfanin imel tun yanzu, ka faɗi tsawo da faɗi da nauyi, in sun amince ka buga amsar a takarda ka riƙe. Ma'aikacin bakin ƙofa ba ruwansa da “an ce mini a waya”. Ka kuma yi ƙoƙarin shiga da wuri kafin akwatunan sama su cika, don a nan ne ake karɓe jakunkuna a sa musu lamba a tura ƙasa, musamman a ƙaramin jirgin da za ka sauya. In an zo karɓa, ka buɗe ka nuna musu, ka roƙa cikin ladabi a ajiye maka a kabad ɗin ma'aikata. Sau biyu hakan ya cece ni.

Na ga wani ya rubuta a sama cewa doka ta tilasta wa kamfanonin jirgi su bar ka ka shiga da kayan kiɗanka. Dokar Amurka ce ta 2012, ta fara aiki a 2015, kamfanonin Amurka ta shafa, shi ma sai in akwai wuri lokacin da ka shiga. Kada ka je kana yi wa wasu gardama da ita.

Yanzu ga inda na fi son ka buɗe kunne. Wace fata ce a gogenka? In ta guza ce ko damo, to suna cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta 1973, wato ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ke sa ido kan fitar da su, kuma kwastan na can na iya tambayarka takarda, suna da ikon riƙe kayan. Tun 2013 akwai takardar shaida ta musamman domin kayan kiɗa masu yawon ƙasashe, a Najeriya kuma Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ke kula da wannan fanni. Ba abin da ake nema ana saura mako guda ba ne. Ni dai na hutar da kaina, na sa an yi mini gurmin tafiya da fatar akuya. Zaƙinsa bai kai na damo ba, ban musa ba, amma na gadon yana rataye a ɗaki lafiya lau.

In kuwa ƙaddara ta sa aka tura shi ƙasa ya fashe, kada ka fita daga zauren ɗaukar kaya sai ka cike fom ɗin ɓarna a teburin kamfanin. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 kwana 7 ta ba ka ka kai ƙorafi a rubuce, kuma iyakar diyyar ba ta wuce kusan dala 2,000 ba. Ka ɗauki hotonsa tun a gida don shaida.

Wuƙa da basilla da almakashi su tafi a babban akwati. Ka riƙe jaki na biyu, da izga, da ƙaro mai yawa. Idan kun sauka cikin sanyi kada ka yi ɗokin buɗewa, bar shi ya yi awa biyu a ɗaki tukuna. Ɗakunansu ma na'urar ɗumama ɗaki ta busar da su, ni nakan jiƙa ɗan tsumma in matse in sa a gefen akwatin, ba a kan fatar ba. Allah ya kai ku lafiya, in kun dawo ka sa mana bidiyon.