Amsa: Ɗiyata tana ajin ƙarshe na lise, ta ina za mu fara neman jami'a?

Hajiya, kin ce ɗiyarki za ta rubuta BAC, wato jarrabawar kammala lise (babbar sakandare), bana, kuma ba ki san yadda ake neman gurbi a jami'a ba. Na raka ƙannena biyu, ga abin da na gani.

Ki fara da takardu tun yanzu, kada ki jira sakamako: takardar haihuwa, takardar shaidar ɗan ƙasa da hotuna. A yi kwafi da yawa, a kai ofishin magajin gari a buga musu hatimi. Ki zauna ki duba sunanta harafi bayan harafi. Ƙanena an rubuta masa Mahamadou a wata takarda, Mahamane a wata, sai da muka yi makonni muna zarya kafin a gyara, yaron har ya daina cin abinci don damuwa.

Sai zaɓin fanni. Seri ɗinta, wato sashen karatun da take yi a lise, shi ne ke buɗe ƙofa: mai D ko C na iya neman likitanci ko kimiyya, mai A ta fi dacewa da adabi, tarihi ko shari'a. Jami'ar André Salifou tana nan Damagaram, akwai kuma Abdou Moumouni a Yamai da Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi. Don Allah a tambaye ta abin da ranta ke so, kada a zaɓa mata.

Bursu kuwa, wato kuɗin tallafin karatu, hukumar gwamnatin Nijar mai suna ANAB ce ke kula da shi, kuma takardunsa daban ne. Ranakun ajiye takardu suna canzawa, saboda haka ki je wurin shugaban lise ɗinsu ko ofishin rajistar jami'a. Kada ki ba kowa kuɗi wai zai samo mata gurbi.