Amsa ga ƙanena mai ɗiyan gawo da sunka ƙi tsirowa

Assalamu alaikum ƴan uwa, ina kwananku. Na ji muryar ƙanena, wai ya shuka ƙwayar gawo cikin leda ɗari, sati uku shina ban ruwa, shidda kaɗai sunka hito, ko irin ne ya lalace. Ƙanena, irinka lahiya lau yake. Abin da ke cin ranka na san shi: mi ya sa wanda ba kowa ya shuka ba shina hitowa a gona, naka da kake lallaɓawa ya ƙi? To, na gona ta cikin saniya ya biyo.

Ɗauki ƙwaya guda ka ciza, haƙorinka zai gaya maka. Ɓawon nan ruwa bai ratsa shi da sauƙi. Amma in dabba ta ci ɗiyan gawo da rani, lokacin da babu haki, ƙwayar ta yi kwana biyu ko uku a tumbi tana guguwa, ɓawon ya yi laushi. Ta hito cikin kashi, nesa da uwarta, ga taki a jikinta, ruwan hwari kawai take jira. Wadda ta kwanta ƙarƙashin icce kuwa, wani ɗan ƙwaro irin na wake ke huda ta ya cinye cikin. Kai ma duba naka, duk mai ɗan rami ka zubar.

A'a, bari in gyara, kar a ce na ce kowace dabba. Tunkiya da akuya suna niƙe da yawa wajen tuƙa, saniya ta hi hiddo su da rai. Akuya aikinta ga aduwa yake: ta haɗiye, da dare tana tuƙa ta tofar da ƙwallon. Share turke da sahe ka gani.

Gonar mahaihinmu ta hanyar Tibiri, bayan an kwashe hatsi wani Bahillace ke sauka da garkensa, mu ba shi dame, shi bar mana taki. Daidai inda shanun sunka kwana, damina na zuwa sai ga ƴan gawo rututu. Da hannuna na ƙirga ashirin da bakwai, har na kakkafa musu kara. Na yi tahiya Dakoro kwana huɗu. Huɗu hwa! Yaron da munka ɗauka sassabe ya bi su da gatari har saiwa, ya tara ya sa wuta, wai shina gyara mana gona. Kuma ya tsaya jiran kuɗinsa. Na biya, ya zan yi. Da yanzu ɗiyana na hutawa a inuwarsu. Alhali tun 1983 Tony Rinaudo, wani Bature masanin noma, ya hwara yawo ƙasar nan ta Maradi kan sassaben zamani, a bar ɗan icce ya tashi. Damagaram ma, zamanin Sarki Tanimu, wa ya isa ya sare gawo? Har yau in na gamu da yaron nan kasuwa, gaisuwa ce kawai... kai, a bar zancen.

Mu koma kan ledarka. Tunda ba ka da saniya, kai za ka yi aikinta. Tafasa ruwa, ka sauke daga wuta, ka zuba ƙwayar ta kwana ciki. Wadda ta kumbura da sahe ita za ka shuka. Ko ka ɗan ɓanɓare gehen ɓawon da abin yankan farce, kar ka taɓa cikin. Kada su daɗe a leda, gawo saiwa yake hwara kaiwa ƙasa. Ranar dashe ka kewaye su da ƙaya, don akuyar nan ba ta barin ɗan tsiro. In za ka shigo gari ran Juma'a, taho mini da ragowar irin in duba.