Labarin hotunan da muka raba ya ƙare ƙaf, amma ta yaya zan san ya koyar da abin da muke so?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni ma'aikaciyar wayar da kai ce a ɓangaren lafiyar ƙananan yara. Mun shirya ɗan littafin labari cikin hotuna, irin wanda ake ɗaukar mutane na gaske hoto a rubuta maganarsu kusa da bakinsu, a kan gudawar yara da yadda ake haɗa ORS, wato garin gishiri da sukari na fakiti da ake narkarwa a ruwa a ba mai gudawa. Kafin mu ankara duk kwafin da muka buga sun ƙare, har yanzu mata na zuwa nema. Shugabana ya ce wannan kaɗai ya isa shaida, in rubuta rahoto a ƙara buga wasu. Ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya, domin na tarar da wata uwa ta juye fakiti guda cikin ƙaramin kofi, ta ce haka ta gani a littafin. Ina tsoron kada ya zama da hannunmu muke yaɗa kuskure. Yaya ake auna amfanin irin wannan littafi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki ajiye rahoton nan tukuna, kuma a dakata da sake bugawa har sai an zauna a kan shafin da matar nan ta gani. Kin fi ni sanin cewa fakitin da aka yi wa lita ɗaya, in aka narkar da shi a kofin da bai wuce rubu'in lita ba, gishirinsa ya ninka sau huɗu. Yaron da ruwan jikinsa ya riga ya ƙone, a ɗura masa wannan, gishiri na iya hauhawa a jininsa har ta kai ga jijjiga. Tsoronki yana kan hanya.

Labarin hotuna kayan aiki ne mai kyau, ba na jayayya da wannan. A Italiya ya fara bunƙasa a 1947 a matsayin labaran soyayya, ya bazu zuwa Faransa da Sifaniya da ƙasashen Latin Amurka, musamman Meziko, daga baya ma'aikatan lafiya suka ara. Sashen haɗa magunguna na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya shirya irinsu a kan ciwon suga da ciwon damuwa domin masu jin Sifaniyanci. A wani gwaji da aka wallafa a 2013, an raba mutane gida biyu, wasu aka ba su labarin hotuna kan ciwon damuwa, wasu aka ba su takardar bayani ta yau da kullum. Duka ɓangarorin biyu iliminsu ya ƙaru. Inda labarin ya yi fice shi ne wajen rage ƙyamar shan magani da zuwa ganin likita, kuma an fi miƙa shi ga dangi da abokai. Wato ƙarfinsa yana wajen taɓa zuciya da yawo hannu zuwa hannu. Koyar da awo daidai, lita nawa, ƙwaya nawa, kwana nawa, wani aiki ne daban wanda sai an gwada kafin a ce ya iya.

Abin da ke cutar da wannan aiki, wanda nake ji kusan kullum a bakin masu shirya littattafan, shi ne wai "gani ya kori ji", hoto ba ya buƙatar bayani, ko wanda bai taɓa shiga aji ba zai gane. Wannan magana ta jawo ɓarna mai yawa. Wanda karatu ke yi wa wuya ba ya bin rubutun da ke cikin akwatin magana, hotunan yake bi ya haɗa labarinsa da kansa. Duk abin da kuka ɓoye a cikin rubutu, a wurinsa babu shi. In mai ɗaukar hoto ya ga kofi ya fi kyau a hannun 'yar wasa fiye da babbar gora, ya ce a riƙe kofin, aka rubuta "lita ɗaya" a ƙasa da ƙananan baƙaƙe, to darasin da ya fita shi ne kofi. Ko da mazubin daidai ne, in aka matso da kyamara sosai har ba a ganin hannu ko wani abu kusa da shi, mai kallo ba shi da hanyar sanin girmansa.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Labari sai da mai kuskure, kuma yawanci a shafukan farko ake nuna kuskuren, gyaran ya zo can ƙarshe. Uwar da yaro ke kuka a bayanta ba lallai ta kai ƙarshen ba. Ta ga wata dattijuwa mai kamala tana cewa a hana yaro nono da ruwa sai gudawar ta tsaya, ta rufe littafin a nan. Jan gicciyen da kuka zana a kan hoton don nuna haramci, ba kowa ya san ma'anarsa ba, wani ado zai ɗauke shi. Na sha ganin littafin da aka ba wa mai tallar maganin bogi mafi kyawun tufafi da fara'a, kwalbarsa a hannu tana ƙyalli, ita kuwa ma'aikaciyar lafiya an ɗauke ta fuska a murtuke tana nuna yatsa. Wa mai karatu zai bi? An yi wa ɗan damfara talla kyauta da kuɗin da aka ware don yaƙarsa. Haka batun lokaci. Ƙwayar zinc, wadda ake bayarwa tare da ORS, kwana 10 zuwa 14 ake ba yaro, ko da gudawar ta tsaya. A hoto na farko uwa ta ba shi ƙwaya, a na biyu yana tsalle a waje. Me zai gaya mata cewa mako biyu ne tsakanin hotunan nan?

Duk wannan ba ya fitowa a irin rahoton da ofis ke so. Fom ɗin yana tambayar kwafi nawa aka buga, nawa aka raba, mutum nawa suka ce sun ji daɗinsa. Mace ta zo asibiti da yaro mara lafiya, mai farin kaya ta ba ta littafi kyauta ta ce "kin gane?", me kike zato za ta ce? Kunya da ladabi za su sa ta gyaɗa kai. Sai a rubuta cewa kowa ya gamsu, a sa hannu, a buga hatimi. Raina yana ɓaci ƙwarai da wannan, domin mai ba da kuɗi ya samu alƙalumansa, ofis ya samu yabo, ba wanda ya koma ya ga abin da aka ba yaron ya sha.

Awo na gaskiya yana farawa da mutum ɗaya a zaune. Ki nemi iyaye irin waɗanda aka yi littafin dominsu, har da waɗanda ba sa karatu, ki gan su ɗaya bayan ɗaya, don a taro mai baki ɗaya ce za ta amsa saura su bi. Ki rufe rubutun da takarda, ki ce ta ba ki labarin abin da take gani, wace ce wannan, me take yi, wa ke da gaskiya a cikinsu. Kada ki gyara mata, rubuta kawai. Sannan ki ajiye mata fakiti da ruwa da mazubai masu girma daban-daban, ki ce ta haɗa kamar a gida. Abin da hannunta ya yi shi ne sakamakonki. Ki tambaye ta kuma alamomin da za su sa ta garzaya asibiti, kamar yaro ya kasa shan komai, ko jini a bayan gida, ko ya yi laushi idanu sun faɗa. In mutane da dama suka yi tuntuɓe a shafi ɗaya, laifin shafin ne, a sake ɗaukar hoton.

Bayan gyara sai gwajin kwatance. A raba iyaye gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu su karɓi labarin, wasu takardar bayanin da kuka saba bayarwa. A gwada su kafin, a gwada bayan, a sake komawa bayan kamar wata guda, domin abin da mutum ya tuna minti goma bayan karatu ba shi ne abin da zai yi da tsakar dare ba. Mai tambayar kada ya zama wanda ya shirya littafin. A bi sawun inda kwafin ya je, wa ya ara, wa ya karanta wa wa. A ware wuri a fom ɗin don kuskuren da littafin ya haifar, ko da ba a nema ba. Akwai ma'auni da ake kira PEMAT wanda wata hukumar binciken lafiya ta Amurka ta fitar, yana duba sauƙin fahimta da ko takarda ta faɗi matakin da za a ɗauka. Yana da amfani, sai dai ƙwararru ne ke cika shi a kan tebur, ba zai maye gurbin uwa da fakiti a hannu ba.

A bugu na gaba ku sa iyayen cikin aikin tun daga tsara labarin. Rima Rudd ta Jami'ar Habad da wasu da suka bi tafarkin Paulo Freire, masanin ilimin nan ɗan Brazil, sun daɗe suna yin haka, masu karatun su ne ke zaɓar matsalar, su fito a hotunan, su faɗi maganar da bakinsu.

Kwafin da suka riga suka fita kuwa nauyinku ne. Ki gaya wa shugabanki a rubuce abin da kika gani, ki nemi a buga shafin gyara mai nuna mazubin lita ɗaya a hannun mutum, kuma duk wadda ta zo da littafin a sa ta haɗa ORS a gabanku kafin ta tafi.