Karatun Likita Ko Wani Fannin Lafiya: Amsoshin Wasiƙun Bayan Bak

Tun ranar da sakamakon bak, wato jarrabawar kammala sakandare, ya fito, kusan duk saƙon da ya shigo mini a kan karatun lafiya yake magana, don haka masu tambaya kan babur da firji su yi haƙuri sai wani makon. Na taƙaita wasiƙun, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Wani ɗalibi daga Tasawa ya rubuto: "Baba, na ci bak D, ta fannin kimiyya, da sakamako mai kyau, kuma tun ina ƙarami burina in zama likita. Amma ni ne babba a gidanmu, mahaifina manomi ne, ƙannena shida. Kawuna ya ce in yi karatun infirmiye, wato aikin jinya, na shekara 3 in fara kawo wani abu gida. Kwana nawa ke nan ban yi barcin kirki ba."

Ɗana, Allah ya yi wa wannan sakamako albarka. Rashin barcin nan naka ya ƙara mini ganin hankalinka, domin da yawa daga cikin sa'o'inka farar riga kawai suke hange, ba su taɓa ƙirga shekarun da ke tsakaninsu da ita ba. Bari mu ƙirga tare. Karatun likita a ƙasar nan ta Nijar, ko a tsangayar kimiyyar lafiya ta Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke nan Maraɗi, ko ta Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, ko ta Damagaram, yana cin shekara 7 zuwa 8 kafin ɗalibi ya kare kundinsa ya yi rantsuwa, kuma wannan lissafin wanda bai maimaita aji ba ne, wanda yajin aiki bai ja masa shekarar karatu ta shiga cikin wata ba. Bayan haka akwai hidimar ƙasa ta shekara 2 ga mai neman aikin gwamnati, sannan jiran ranar da za a buɗe ɗaukar ma'aikata. Wanda yake so ya ƙware a tiyata, ko ciwon yara, ko haihuwa, sai ya ƙara shekara 4 ko 5 a kai. Idan yau shekarunka 19, to kana gab da 30 kafin albashi na sosai ya fara shiga aljihunka, kuma a lokacin ƙanwarka da ke firamare yanzu ta isa aure.

Kada ka ɗora gidanku a kan kuɗin tallafin ANAB, hukumar gwamnati mai ba ɗalibai tallafin karatu. Wanda ya samu ya gode wa Allah, amma kuɗi ne da bai wuce cikin ɗalibi ɗaya ba, ga shi yakan makara. Kada kuma ka ce za ka riƙa kabu-kabu da yamma kana aika wa gida. Wataƙila hakan ya yiwu a shekarar farko, amma da zarar an fara zuwa asibiti da safe, darasi da rana, kwanan gadi da dare, babu sauran lokacin da za ka sayar.

Shawarata ita ce ka zaunar da mahaifinka da kawunka wuri ɗaya, ka yi musu tambaya guda: shin gidan zai iya tafiya shekara goma ba tare da hannunka ba? Ka lura, ban ce ka tambaye su ko za su iya ba ka kuɗi ba, domin ɗalibin Tasawa da ke karatu a Maraɗi buhun hatsi da ƴan jikkuna a motar kasuwa suna riƙe shi. Abin da ya fi karya ɗalibai irinka shi ne wayar da ake bugowa daga gida duk mako, yau babu magani, gobe an koro ƙane daga makaranta. In suka ce za su jure, ka shiga da ƙarfinka, ƙasar nan tana matuƙar ƙarancin likitoci, waɗanda ake da su ma da yawansu suna Yamai.

In kuma suka ce ba za su iya ba, kada ka ɗauki maganar kawunka a matsayin an rage maka daraja. Ka je kowace CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati, a ƙauyukan Dakoro ko Mayayi ka ga wanda ke riƙe da ita. Manjo ne, wato infirmiye, shi ke duba marasa lafiya, shi ke rigakafi, shi ke lissafin magani, shi ne kuma ake bugun ƙofarsa ƙarfe biyu na dare idan an kawo mai naƙuda a amalanke, ya haska fitila ya yanke hukunci cikin minti kaɗan ko za ta haihu a nan ko a nemi motar da za ta kai ta asibitin gunduma. Mutanen garin likita suke ce masa, kuma ba su yi ƙarya ba a ma'anar da suka sani. Gargaɗi ɗaya kawai: kada ka shiga da niyyar "in na fara aiki sai in koma karatun likita". Kaɗan ne ƙwarai suke komawa, domin albashi da aure da ƴaƴa sukan rufe wannan ƙofa a hankali. Hanyar ci gaban infirmiye tana cikin fanninsa, kamar ƙwarewa a aikin sa barci lokacin tiyata, ko aikin ido, ko kiwon lafiyar al'umma.

Wani daga Sabon Gari ya tambaya: "Tsakanin likita da mai farmasi wanne ya fi samun kuɗi da wuri?"

Malam, kana zaune a garin da yaro yake fara tallan goro ya gina bene kafin sa'ansa ya kare kundi, sannan ka zo kana tambayar saurin kuɗi a asibiti? Ka nemi ubangida a babbar kasuwa. Karatun harhaɗa magunguna ma shekaru ne masu yawa a jami'a, kuma buɗe farmasi yana buƙatar izini da jari mai kauri.

Wani Alhaji daga unguwar Ali Ɗan Sofo ya rubuto: "Ƴata ta ci bak amma makinta bai kai a ɗauke ta karatun likita a jami'ar gwamnati ba. Wani ya zo mini da takardu masu hoto, ya ce yana da makaranta a ƙasar waje da za ta gama cikin shekara 4 ta fito dokta, in ba da miliyan ɗaya kafin alƙalami. Kuɗi ba matsala ba ne. Me ka gani?"

Alhaji, ranka ya daɗe, maganar nan ta "kuɗi ba matsala ba ne" da ka rubuta ita ce ta jawo maka wannan mutumin, kuma ina roƙonka kada ka sake faɗinta a gabansa. Babu inda ake zama likitan mutane cikin shekara 4 daga bak. A Najeriya maƙwabciyarmu shekara 6 ne, ban da shekarar horon asibiti, a nan kuwa na riga na faɗa a sama. Duk wanda ya yi maka alƙawarin rabin wannan lokaci, cinikin biri a sama yake so ku yi.

Masu karanta wannan fili sun san na sha yin faɗa kan jabun magani da jabun taki, amma a cikin duk jabun da ke yawo a garin nan babu wanda ya fi tayar mini da hankali kamar jabun takardar lafiya. Taki in ya zama na banza damina ɗaya ka yi hasara, takarda kuwa sai yarinya ta zubar da shekarunta, uba ya zubar da dukiyarsa, sannan a gane. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida na Najeriya ya fallasa yadda ya sayi digiri daga wata makaranta a Kwatano ta ƙasar Benin cikin makonni 6 ba tare da ya zauna a aji ba, kuma a watan Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo gaba ɗaya, har waɗanda suka yi karatun gaskiya abin ya shafe su. Ko makarantar ƙwarai ce ma, sai an dubi zaman lafiyar ƙasar: ɗaliban likitanci nawa na Afirka ta Yamma suka gudo daga Yukren a 2022 da Sudan a 2023, wasu suna ajin ƙarshe, suka dawo suna neman inda za a karɓi makinsu?

Ba waje kaɗai ba, a cikin gida ma sai an buɗe ido. Na taɓa raka ɗiyar wani maƙwabcina wata makarantar lafiya mai zaman kanta, ba zan faɗi suna ko gari ba. Gidan haya ne mai ɗaki huɗu, allon da ke bakin ƙofa ya fi ajin faɗi. Na ce a nuna mini ɗakin gwaji, sai aka buɗe wani ɗaki mai ƙura, ga mutum-mutumin roba guda ɗaya hannunsa a ɓalle an jingine shi a kusurwa, ga madubin duba jini ɗaya a cikin kwalinsa, ko ledar ba a cire ba. Na tambayi wane asibiti ɗalibai suke zuwa koyon aiki, aka ce ana kan tattaunawa. Amma farar riga mai tambarin makaranta tana nan jibge a kan tebur, an sa mata kuɗi, kuma ita ce abu na farko da aka miƙa wa yarinyar ta gwada. Akwai makarantu masu zaman kansu na kirki, ban musanta ba, sai dai iyaye ba sa bambancewa, da sun ga hoton ɗiyarsu da riga da abin sauraron ƙirji a wuya sai a watsa a WhatsApp a fara kiranta dokta. Ranar da za ta riƙe allura a gaban yaro mai zazzaɓi a watan Satumba, lokacin da cizon sauro da tamowa suka cika ɗakunan yara har ana kwana biyu-biyu a gado, hoton ba zai nemo mata jijiya ba.

Saboda haka, Alhaji, kafin dala ɗaya ta fita daga hannunka, ka tashi da kanka ko ka aiki wanda ya iya karatu, zuwa da kai ya fi saƙo. Idan makarantar gida ce, a nuna maka takardar izinin buɗewa daga hukuma da izinin koyar da ainihin fannin da ƴarka za ta karanta, domin wata tana da izinin fanni ɗaya tana koyar da biyar. Ka tambayi ɗalibansu nawa suka zauna jarrabawar bai-ɗaya ta ƙasa da ake yi wa masu gama makarantun lafiya, nawa suka ci, kuma ka ji amsar daga bakin tsofaffin ɗalibai, kada ka tsaya ga ta mai makaranta. Idan ta waje ce, ka bincika a ma'aikatar ilimi mai zurfi ko za a amince da takardar in an dawo da ita, ka duba ko CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da ke Wagadugu, ta san da wannan digiri, ka kuma tambaya ko ƙungiyar da ke rajistar likitoci za ta rubuta sunan mai ita. Kuɗin makaranta a asusun makaranta ake zubawa a karɓi rasit, ba a hannun ɗan tsakani ba. Sannan ka zauna da ƴar taka ka ji ko ita ce ke son likitancin ko kai ne ke son a ce ɗiyar Alhaji dokta ce, domin a duk wasiƙarka ban ga inda ka faɗi ra'ayinta ba.

Wata ɗaliba daga Tibiri ta ce: "Baba, ni aikin ungozoma nake so, amma yayyena suna cewa da makina asara ce in ban yi likita ba. Ga shi an sa mini rana baɗi."

Ƴata, ki kwantar da hankalinki, zaɓinki ba shi da aibi ko kaɗan. Karatun ungozoma mai digiri shekara 3 ne bayan bak, kuma a jiharmu, inda mata da yawa ba sa sakin jiki sai a gaban mace, ungozomar da ta iya gane hawan jinin mai ciki da zubar jinin bayan haihuwa tun kafin su yi nisa tana ceton rayukan da likita ba zai taɓa gani ba, don ba za su iso gare shi da rai ba. Abin da nake so ki yi shi ne a yi maganar aikin da wanda za ki aura tun yanzu, a gaban waliyyai, a fayyace masa cewa akwai kwanan asibiti, akwai kuma yiwuwar a tura ki wani gari. Na ga mata da yawa da takardarsu ke kwance a ƙasan akwati saboda an bar wannan magana sai bayan biki. In makarantar gwamnati kike nema, akwai ENSP, wato makarantar horar da ma'aikatan lafiya ta ƙasa, a Damagaram da ta Damure Zika a Yamai, ki riƙa bibiyar sanarwar jarrabawar shiga.

Na ƙarshe wani yaro ne daga Madarumfa da ya ce yana son aikin lafiya amma ganin jini yana sa shi jiri, har ya taɓa faɗuwa ranar layya.

Ɗana, ka ba ni dariya, amma ba kai kaɗai ba ne, kuma da yawa sukan saba bayan makonnin farko. Ka nemi izinin manjon CSI ɗinku ka yini uku kana kallon wankin ciwo da ɗinki, ka ci abinci kafin ka je, ka tsaya kusa da kujera. In ka ga abin yana sauƙi, ka ci gaba da shirinka. In kuwa har rana ta uku ƙafafunka suna rawa, ka dubi aikin ɗaukar hoton ƙashi, ko kula da abinci mai gina jiki wanda ake nema sosai a yankinku, ko tsafta da kiwon lafiyar al'umma. Aikin ɗakin gwaji kam ka yi tunani sau biyu, domin kafin a sa jinin a madubi kai ne za ka ɗebo shi daga hannun mai shi.