Me ya sa labarin mafarautan kyarkeci bai gamsar ba?

Kin ce kin karanta wani littafin matasa da ya sake saƙa tatsuniyar yarinya mai jar hula, aka mai da ita mafarauciyar mutanen da ke rikiɗa kyarkeci, amma kin gama ba ki ji komai ba. Matsalar yawanci daga ƙa'idojin rikiɗar take. Marubuci ya kamata ya tsayar da abu uku tun a babin farko: yaushe mutum ke rikiɗa, me ke kashe shi, kuma bayan ya dawo mutum yana tuna ɓarnar da ya yi? Idan azurfa na kashewa a babi na 3, amma a babi na 20 gatari ya wadatar, tsoro ya tafi.

Asalin tatsuniyar ma akwai haɗari a cikinta. A rubutun marubucin Faransa Charles Perrault na 1697 kyarkeci ya cinye yarinyar, babu mai ceto. 'Yan'uwan Grimm, marubutan Jamus, sun sa mafarauci ya cece ta a nasu rubutun na 1812. Sabbin littattafan sukan zare wannan haɗarin su cusa soyayya, wadda ba laifi ba ce, sai dai takan cinye rabin shafukan farauta. Kafin ki sayi wani, karanta shafi 30 na farko. In ba wanda ya yi asarar komai, ajiye shi.