Me Ya Sa Yahudawa Ke Karanta Dokokin Hadaya Alhali Ba Sa Yanka?

Tambaya: Malam, na ji an ce duk Asabar Yahudawa kan karanta wani yanki na Attaura a wurin ibadarsu, kuma akwai makonnin da karatun kaf dokokin yanka ne da ƙona dabbobi. Ni kuwa ban taɓa jin suna wani abu mai kama da layya ba. To mene ne amfanin karatun, kuma me malamansu ke cewa?

Amsa: Abin da ka ji haka yake. An kasa Attaura kashi 54, ana bi mako-mako har a sauke a shekara guda. Wajajen Maris zuwa Mayu ake cikin littafi na uku, Wayikra, wanda Kiristoci ke kira Littafin Firistoci. Nan ne ake fayyace hadayar ƙonawa, ta gari, ta salama da ta zunubi, har da rangwame ga talaka: wanda ba shi da halin tunkiya ya kawo tattabaru biyu, wanda ko su ba zai iya ba ya kawo gari.

Dalilin daina yankan a fili yake. Attaura ta keɓe wa hadaya wuri ɗaya tak, wato Haikalin Ƙudus a wurinsu, Rumawa kuwa sun rushe shi a shekarar 70 miladiyya. Sai malamansu suka ce addu'ar safe da ta la'asar su tsaya a madadin 'yan raguna biyun da ake yankawa kullum. Talmud, babban kundin bayanan malamansu na da, shi ma ya ce wanda ya duƙufa kan karatun dokar hadayar zunubi tamkar ya miƙa ta ne. Ke nan karatun kansa ibada ne a wajensu. A da, da wannan littafin ake fara koya wa yara Attaura.

Inda aka yi ta fafatawa shi ne hikimar hadayar tun asali. Malamin Yahudawa Musa bin Maimun, haifaffen Kurɗuba ta Andalus da ya rasu a Masar a 1204, ya rubuta cikin Dalalatul Ha'irin cewa mutanen wancan zamani ba su san wata bauta ba sai yanka wa gumaka, kuma ɗan Adam ba ya barin abin da ya saba dare ɗaya. Saboda haka Allah ya bar musu yankan, amma ya karkatar da shi zuwa gare shi, ya ƙayyade masa wuri da masu yi. Wani malaminsu, Musa bin Nahman na Girona a ƙasar Sifen, wanda ya rasu a 1270, bai yi masa da wasa ba. Ya ce ina gumaka lokacin da Habila ya miƙa tasa, ko da Nuhu ya fito daga jirgi? A nasa bayanin, mai laifi ya ɗora hannu a kan dabbar, ya furta laifinsa, ya ga jini ya zuba, sai ya tuna cewa shi ne ya cancanci haka. A ganina hujjar Habila da Nuhu tana da nauyi. Abin mamaki kuma, shi Bin Maimun ɗin ya tsara dokokin hadaya dalla-dalla a littafinsa na shari'a, yana mai cewa za su dawo in an sake gina Haikali.

Sai ka zo babi na 19 na Wayikra, inda aka ce "ku zama tsarkaka". Mutum zai zaci ƙarin yanka ne zai biyo baya, sai ya tarar da umarnin barin gefen gona ba a girbe ba domin matalauta, da hana kwana da ladan ɗan ƙwadago, da hana zagin kurma ko sa wa makaho abin tuntuɓe, da ƙaunar maƙwabci kamar kai. Rashi, malamin Faransa da ya rasu a 1105, ya fassara tsarkin da nisantar alfasha. Bin Nahman ya faɗaɗa: mutum na iya cin halal zalla, ya sha abin da aka yarje masa, amma ya zama macuci mai haɗama, abin da ya kira lalatacce da izinin Attaura. Tsarki a wurinsa har da kame kai daga wuce gona da iri a cikin halal.

Yau masu riƙe da tsohuwar hanya suna roƙon dawowar hadaya a addu'o'insu na kullum, masu ra'ayin sauyi kuwa sun fara cire wannan roƙo daga littattafansu tun ƙarni na 19. Samariyawa, ƙaramar al'umma ce daban, har yanzu suna yanka tumaki a Dutsen Gerizim kusa da Nablus lokacin Idin Ƙetarewa, bikin tunawa da fitar Bani Isra'ila daga Masar.